Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Darasi Daga Tsohon Ruwan Inabi



'Yan'uwa ƙaunatattu cikin Kristi, duk ranar da muka taru domin Hadayar Mass Mai Tsarki mukan ga yaran bagadi sun miƙa wa Fada 'yar butar gilashi mai ɗauke da ruwan inabi. Abin ɗan kaɗan ne, bai cika ƙaramin kofin shayi ba, amma shi ne Ubangijinmu ya zaɓa tare da gurasa a Jibin Ƙarshe, ya mai da shi Jininsa domin cetonmu. Yawancinmu ba mu taɓa taka gonar inabi ba, gama dawa da gero da acca da doya iyayenmu suka noma. Saboda haka misalan kurangar inabi da suka cika Littafi Mai Tsarki sukan ratsa kunnuwanmu su wuce ba tare da mun tsotsi romonsu ba.

A sura ta 2 ta Bisharar Yohanna, a bikin auren Kana ta Galili, ruwan inabi ya ƙare, Uwarmu Maryamu ta lura, ta kai maganar gun Ɗanta, aka cika randunan dutse shida da ruwa, shi kuwa ya juyar da shi. Abin da ya ba uban biki mamaki shi ne mafi kyau ya zo daga baya. A al'adar duniya akan fara da mai daɗi, in baki ya dakushe a kawo na banza. Haka sau da yawa amarci yake, haka sabon muƙami, haka sabuwar abota. Allah kuwa yakan ajiye mafi kyau sai ƙarshe. To, a cikin dukan irin ruwan inabi da ɗan Adam ya san yi, masu zaƙi, waɗanda Turawa kan sha kaɗan-kaɗan bayan cin abinci, suna cikin waɗanda suka fi tsawon rai, har wasu kan haura shekara ɗari suna ƙara kyau. Bari mu dubi yadda hakan ke faruwa, domin a cikinsa akwai wa'azi ga aurenmu, da tsufanmu, da bangaskiyarmu.

Kafin mu ci gaba, kada wani ya ɗauki wannan takarda ya nufi gidan burkutu yana cewa Dayosis ta ba shi izini. Ikkilisiya ta la'anci maye tun farkonta, mun kuma san gidaje nawa sha ya rusa a cikin majami'unmu, da kuɗin makarantar yara nawa ya shanye. Waliyi Agustin ya ba da labarin mahaifiyarsa, Waliyiya Monika, cewa tana yarinya akan aike ta ɗebo ruwan inabi daga ɗakin ajiya, ta fara da kurɓa kaɗan, sannu a hankali abin ya zame mata jiki, sai da wata baiwar gidan ta goranta mata sannan ta farga ta bari. In wadda ta zama waliyiya ta kusa faɗawa wannan rami, babu ɗayanmu da ya fi ƙarfinsa.

Zaƙi daga hasara yake fitowa

Ɗanyen inabi yawancinsa ruwa ne. In aka matse shi aka bar shi, yisti yakan cinye sukarin da ke ciki ya mai da shi barasa, har zaƙin ya ƙare. Wanda ke son ruwan inabi mai zaƙi dole ya sami 'ya'yan da sukarinsu ya yi yawan da yisti zai gaji bai cinye ba, kuma babbar hanyar samun haka ita ce a rage musu ruwa.

A yankin Taskani na ƙasar Italiya, akan tsinke nonnan inabi a lokacin kaka, a shimfiɗa su bisa tabarmi ko a rataye su a jikin azara cikin ɗaki mai shan iska, su yi watanni suna yanƙwanewa har su kusa zama zabibi. Wasu ba sa matsewa sai dab da Ista. Abin da ke fitowa ana ce masa Vin Santo, wato ruwan inabi mai tsarki, wasu suna danganta sunan da aikin bagadi, wasu kuma da Mako Mai Tsarki. A tsibirin Kubrus, mahaifar Waliyi Barnaba, inda shi da Waliyi Bulus suka kai Bishara, akan shanya inabi a rana kamar yadda muke shanya barkono, daga nan a yi Commandaria, wanda ya samo sunansa daga mazaunin mayaƙan Waliyi Yohanna da ke Kolosi ta Kubrus.

Hanyar da ta fi ban mamaki kuwa ita ce ta Sauternes, kudu da birnin Bordo a Faransa. A can wani ƙaramin kogi mai sanyi, Ciron, yana zuba cikin babban kogin Garonne wanda ruwansa ya fi ɗumi. A lokacin kaka haɗuwarsu takan ta da hazo mai laima da asuba, ya lulluɓe gonaki. Laimar takan rayar da wata fumfuna da masana ke kira Botrytis cinerea, ta huda fatar inabi da ƙananan ƙofofi. Da rana ta take, hazo ya washe, sai ruwa ya riƙa fita ta ƙofofin nan, ɗan inabin ya motse, ya yi toka-toka, ya zama abin da baƙo zai gani ya ce a zubar. Amma a cikinsa sukari da ɗan tsamin halitta sun taru sun yi kauri. Haka kuma ake samu a Tokaj ta ƙasar Hangari, inda kogunan Bodrog da Tisza suka haɗu. A can ana tsintar motsattsun 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya da hannu, kuma tun 2013 ƙa'idarsu ta ce ruwan inabin da ake kira aszú sai ya kasance da sukari aƙalla giram 120 a kowace lita.

A Jamus ana ba da labarin gonar Johannisberg, wadda a lokacin mallakar Bishop na Fulda ce. Ba a girbi sai da takardar izininsa. A shekarar 1775 manzon da ke ɗauke da takardar ya makara, fumfuna ta kama inabin, masu gona suka fid da rai, suka girbe abin da ya saura don kada a tashi a tutar babu, sai ga shi ya ba da ruwan inabin da ba su taɓa ɗanɗana irinsa ba.

'Yan'uwa, wane ne a cikinmu yake son yanƙwanewa? Dukanmu muna so mu zauna shar, cike da ƙarfi da lafiya da abin hannu. Amma ku duba waɗanda kuka sani masu zaƙin hali na gaske a cikin Ikkilisiyarku, za ku tarar kusan dukansu sun rasa wani abu: gwauruwar da ta yi renon marayu da sana'ar ƙosai, tsohon katikis da ya yi shekaru yana taka keke zuwa ƙauyuka da albashin da bai isa gishiri ba, uwar da ta binne ɗa ba ta zagi Allah ba. Wahala ta tsotse musu girman kai da yawan surutu, abin da ya saura ya yi kauri.

Sai dai a nan akwai gargaɗi. Fumfunar nan guda ɗaya ce, amma in shekara ta zo da ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, rana ba ta fito ta busar da inabin ba, sai ta zama ruɓa zalla, ta lalata gona ƙaf. Bambancin yana ga ranar da ke fitowa bayan hazo. Wahala ita kaɗai ba ta tsarkake kowa. Mun ga waɗanda ta mai da su masu ɗacin rai, masu hassada, masu bin bokaye dare da rana. Wanda ya kai wahalarsa gaban hasken Kristi cikin addu'a da Sakramenti, ita ce ke zame masa zaƙi, wanda kuwa ya rufe ta cikin ƙirjinsa yana ta saƙa da mugun zare, ruɓewa zai yi. Masu shahararriyar gonar Château d'Yquem ta Sauternes, inda akan ce kuranga guda kofi guda kawai take bayarwa, sun gwammace su yi hasarar shekara sukutum da su sa sunansu a kan abin da bai kai ba. Haka suka yi a 1992, haka kuma a 2012. In 'yan kasuwa na iya kishin sunansu haka, ina ga mu da ke ɗauke da sunan Kristi tun ranar Baftisma?

Abin da ke gudana cikin duhu

Bayan an matse, an zuba a gangunan katako, daga baya a ɗura a kwalabe, sai aikin shekaru ya soma, aikin da ido ba ya gani. Abu biyu ke riƙe da ran wannan ruwan inabi. Na fari shi ne sukari. Kowa ya san zuma da dabino ba sa saurin lalacewa, dalili kuwa shi ne yawan sukari yakan hana ƙananan halittun da ke ruɓar da abinci samun ruwan da za su rayu da shi. Na biyu shi ne ɗan tsamin halitta, irin wanda ke cikin lemo ko tsamiya. Duk macen da ta iya dama kunu ta san zaƙi zalla ginsarwa yake, kurɓi biyu mutum ya ture kwanon, sai an sami ɗan tsami ya tsaya masa sannan yake shiga rai. Ruwan inabin da ke da zaƙi ba tsami, da shekaru sun tura sai ya zama kamar ruwan rake da ya kwana. Wanda ke da su biyun daidai wa daida shi ke kai wa jikoki.

Da tafiya ta yi tafiya, launi yakan sauya. Sabon Sauternes ruwan zinariya ne mai haske. Bayan shekara goma ko ashirin sai ya koma ruwan zuma, in ya daɗe ƙwarai ya yi duhu kamar ruwan shayi mai kauri. 'Yar iskar da ke ratsa katako ko toshiyar kwalba a hankali tana cikin dalilan haka, sukarin kuma yana haɗuwa da wasu sinadaran da ke ciki, irin abin da ke faruwa in ana dafa alewa, sai dai abin da wuta ke yi cikin mintoci, a nan shekaru ke yinsa. Ƙanshi ma yakan sauya. Na ƙuruciya na ɗanyun 'ya'yan itace ne da furanni, na tsufa kuwa na zuma ne, da ɓawon lemo, da zabibi, da soyayyar gyaɗa, da kayan yaji. Wani abin lura kuma, masu ɗanɗano sun shaida tsohon ruwan inabi ba ya bugun harshe da zaƙi kamar sabo, ko da yake sukarin yana nan kusan yadda yake. Zaƙin ya lafa, ya shige cikin sauran abubuwa, ya zama zurfi.

Ku ma'aurata, wannan naku ne. Da yawa sukan zo wurin Fada bayan shekara biyar ko goma suna kuka cewa zaƙin farko ya tafi, wai ko sun yi kuskuren zaɓe. Ba a yi amarci domin ya dawwama ba, kamar yadda fure ba ya zama bisa itace har girbi. Miji da matar da suka shekara arba'in tare, waɗanda ɗaya ke gane ciwon ɗaya tun bai buɗe baki ba, ba su fi sababbin aure ƙarancin ƙauna ba, tasu ce ta nuna. Kada kuma ku ji tsoron ɗan tsami. Gidan da ba a faɗa wa juna gaskiya, sai daɗin baki da ɓoye-ɓoye, ba ya jure shekaru. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma baki ɗaya suke kwana. Waliyi Bulus ya koya wa Afisawa haɗa gaskiya da ƙauna, gama gaskiyar da ba ƙauna yanka take yi, ƙaunar da ba gaskiya kuwa ginsarwa take yi. Littafin Bin Sira ma, a sura ta 9, ya kamanta sabon aboki da sabon ruwan inabi, wanda sai ya kwana biyu ake jin daɗinsa, ya kuma hore mu kada mu yar da tsohon aboki. Ina abokin da ya fi wanda muka yi wa alkawari gaban bagadi?

Shekaru kaɗai ba sa gyara kome

Kada mu ruɗi kanmu da cewa duk abin da ya tsufa ya yi kyau. Mafi yawan ruwan inabin da ake yi a duniya an yi shi ne domin a sha cikin 'yan shekaru kaɗan, in an ajiye shi sai ya mutu. Wanda ma aka yi domin ajiya, sai an kula da shi. Masu abin sukan kwantar da kwalabe a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai duhu, mai sanyi kimanin digiri 12 zuwa 14, inda zafi ba ya hawa da sauka, kwalbar kuma a kwance domin toshiyar ta zauna a jiƙe kada ta bushe ta buɗe wa iska hanya. A Tokaj ramukan ajiyar an fafe su ne cikin dutse, bangonsu lulluɓe da baƙar fumfuna mai taushi. In toshiya ta lalace iska ta shiga da yawa, ga kuma zafi, sai wasu ƙananan halittu su juyar da barasar ta zama ruwan tsami, irin wanda sojoji suka miƙa wa Ubangijinmu a kan gicciye.

Akwai Kirista mai shekara hamsin da Baftisma wanda ya zama ruwan tsami. Shi ne kullum a bencin gaba, amma ba wanda ke iya zama kusa da shi, ya riƙe laifin da aka yi masa tun zamanin Fada na fari, yana gaba da ɗan'uwansa a kan iyakar gona, ya kuma daina zuwa Sakramentin Tuba domin a ganinsa ba shi da abin faɗa. Ba rana ɗaya ya zama haka ba. 'Yar ƙofa ce aka bari a buɗe, gulma ta shiga yau, ƙyashi ya shiga gobe. Mu binciki toshiyarmu, 'yan'uwa. Addu'ar safe da ta dare a cikin gida, Rosari, Mass na Lahadi, furta zunubi a kai a kai, su ne ɗakin ajiyar rai.

Kada kuma mu raina shekarun duhu da shiru. Ubangijinmu kansa ya yi kimanin shekara talatin a Nazarat ba a san shi ba, aikinsa na fili kuwa bai wuce shekara uku ba. Ɗan ƙasarmu Mai Albarka Cyprian Michael Iwene Tansi, wanda aka naɗa Fada a 1937, ya bar babban aikin Ikkilisiya inda kowa ya san shi, ya shiga gidan sufaye na Mount Saint Bernard a Ingila a 1950, ya zauna cikin sanyi da shiru da ƙananan ayyuka har rasuwarsa a 1964. A idon duniya an binne baiwarsa. Amma a watan Maris na 1998 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo Nijeriya ya ayyana shi Mai Albarka. Mai jinyar tsohuwar uwa shekara da shekaru a ƙuryar ɗaki, ba mai gani ba mai yabo, ya sani cikin irin wannan ɗaki ne Allah ke nunar da nasa.

Wanda ya bi ta wuta

Akwai ruwan inabi guda da ya karya wannan ƙa'ida ta sanyi, shi ne na tsibirin Madeira mallakar Fotugal. A zamanin jiragen ruwa masu filafilai akan loda gangunansa a bi da su ta ƙasashen zafi wata da watanni. Sai aka lura wanda ya sha zafin tafiya ya dawo ya fi wanda ya zauna gida daɗi. Daga nan aka shiga gasa shi da gangan. Har yau wani akan ɗumama shi a digiri 45 zuwa 50 na aƙalla wata uku, mafi daraja kuwa akan ajiye gangunansa a saman bene ƙarƙashin rufi, rana ta yi ta dukansa shekara da shekaru. Zafi da iska, waɗanda ke kashe sauran, sun riga sun gama da shi, ba sauran abin da za su yi masa. Shi ya sa ake buɗe kwalaben ƙarni na 18 da na 19 a same su da rai, in an buɗe kuma yakan yi watanni bai lalace ba. Amma a lura, kafin ya jure haka sai da aka ƙarfafa shi da ruhun inabi daga ciki.

Waliyiya Josephine Bakhita, 'yar yankin Darfur na Sudan, an sace ta tana yarinya, aka sayar da ita hannu zuwa hannu, aka tsattsage jikinta da aska aka cusa gishiri. Daga baya ta sami 'yanci a Italiya, ta karɓi Baftisma a 1890, ta zama Sista, ta rasu a 1947, aka ayyana ta waliyiya a 2000. Waɗanda suka zauna da ita sun shaida taushin halinta, da yadda ta yafe wa waɗanda suka sace ta. Da yawa daga cikin majami'unmu sun ga wuta a rikice-rikicen da suka auku a ƙasar nan, wasu sun rasa gidaje, wasu sun rasa 'yan'uwa. Ba mu ce wannan abu ne mai kyau ba, ba kuma za mu daina neman adalci ba. Amma wanda Ruhu Mai Tsarki ya ƙarfafa daga ciki, wuta ba ta mai da shi mai ramuwar gayya. Yakan fito da bangaskiyar da ba ta tsoron kome kuma, har ya iya gai da maƙwabcinsa na wani addini da zuciya ɗaya.

Uwar da ke cikin ganga

Masu yin Vin Santo suna da wata al'ada. In sun kwashe ganga, sukan bar kaurin da ya kwanta a gindinta, suna kiransa da sunan da ke nufin uwa. A kansa ake zuba sabon matsi, a liƙe gangar, a bar ta shekara uku ko fiye. Uwar ce ke ta da sabon, ta kuma ba shi halin gidan, har wasu iyalai suna gadon tata daga kakanni. Mutanen Kubrus ma sun daɗe da irin wannan dabara, ta zuba sabo a kan tsoho cikin manyan randuna.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Sa'ad da aka kai jariri Yesu Haikali, tsofaffi biyu ne suka gane shi, Saminu da annabiya Hannatu, alhali Haikalin cike yake da masu ƙarfi da masu ilimi. Marigayi Paparoma Francis, kwana biyu bayan zaɓensa a 2013, ya kamanta hikimar tsufa da ruwan inabi mai kyau da ke ƙara daɗi da shekaru, ya roƙi tsofaffi su miƙa ta ga matasa. A 2021 kuma ya kafa ranar kakanni da tsofaffi, Lahadi ta huɗu ta watan Yuli, kusa da idin Waliyyai Yowakim da Hanna, kakannin Yesu. To, mu tambayi kanmu: tsofaffi nawa ne a Ikkilisiyarmu suka daina zuwa Mass domin ƙafa ta gaza, ba kuma wanda ya sanar da Fada a kai musu Jibi Mai Tsarki? 'Ya'yanmu nawa ke birni waɗanda suka shekara ba su leƙa iyayensu ba? Muna roƙon Zumuntar Mata da ƙungiyoyin matasa na kowace majami'a su rubuta sunayen tsofaffi da marasa lafiya na unguwarsu, su raba ziyara a tsakaninsu. Ku kuma iyayenmu, kada ku ce zamaninku ya wuce. Ku koya wa jikoki alamar gicciye da addu'o'in da kuka koya a gindin itace, ku ba su labarin yadda Bishara ta shigo garinku. Gangar da aka wanke uwarta ƙal, sabon da aka zuba ciki ba shi da wanda zai bi.

Kalma ga katikis da masu kula da bagadi

Wannan magana tana da ɓangaren aiki. Dokar Ikkilisiya ta 1983, a ƙa'ida ta 924, ta ce ruwan inabin Mass dole ya zama na halitta, daga 'ya'yan kurangar inabi, wanda bai lalace ba. Umarnin Redemptionis Sacramentum na 2004 ya nanata haka, ya kuma ja kunne a adana shi da kyau kada ya yi tsami. Fari ko ja, duka ya halatta. Amma zoɓo, da bammi, da burkutu, da lemon kwalba, da duk wani abin sha da ba a tabbatar da asalinsa ba, ba sa zama Jinin Kristi ko da wane ne ya yi addu'a a kansu, haka kuma ruwan inabin da ya riga ya juye ya zama ruwan tsami. Tun 1896 Roma ta yarda a ƙarfafa ruwan inabin bagadi da ruhun da aka tace daga inabi kansa, muddin ƙarfin duka bai wuce kashi 18 cikin ɗari ba, domin ya jure tafiya da ajiya. Wannan ne ya sa wanda ke isowa ƙasashen zafi irin namu sau da yawa mai zaƙi ne, mai ɗan ƙarfi. Duk da haka, a watannin bazara da zafi kan haura digiri 40 a wurare da dama na Arewa, kada a bar kwalba a bakin taga, ko ƙarƙashin rufin kwano, ko cikin mota. A nemi wuri mafi sanyi da duhu, a toshe ta sosai bayan kowane Mass, kada a bar saura ya kwana cikin 'yar butar, a kuma saya daga inda Dayosis ta amince kaɗai. In ƙanshi ko ɗanɗano ya sauya, a gaya wa Fada tun kafin a hau bagadi.

'Yan'uwa ƙaunatattu, ba ɗayanmu da ya san shekarun da aka ɗiba masa. Wani za a buɗe kwalbarsa da wuri, wani sai ya ga tattaɓa kunne. Abin da ke hannunmu shi ne yau: mu sulhunta da wanda muke gaba da shi kafin Lahadi mai zuwa, mu koma ga Sakramentin Tuba in mun daɗe, miji ya zauna da matarsa su faɗa wa juna gaskiya cikin ƙauna, ɗa ya nemi tsohonsa. Uwarmu Maryamu, wadda ta lura da rashin masu biki tun ba su roƙa ba, ta lura da gidajenmu inda ƙauna ta ƙare, ta kai maganarmu gun Ɗanta. Shi kuwa wanda ya juyar da ruwa a Kana, ya kiyaye mu daga tsami, ya nunar da mu cikin haƙuri, domin a ranar da zai kira mu bikin Ɗan Rago ya same mu mun fi yadda muka fara.

Albarkar Allah Mai Iko Duka ta sauko bisanku da iyalanku, ta zauna tare da ku har abada. Amin.